Wane haɗin zoɓo ne ya dace da naman walima?

Hajiya, kin ce za ki yi walima a Birnin Kebbi da balangu da soyayyen kifin Yauri, kina tambayar irin zoɓon da zai hau da su. Ki haɗa kala biyu: baƙin zoɓo kashi biyu saboda launi da kauri, ja mai haske kashi ɗaya saboda tsami. Wannan tsamin shi ke wanke maiƙon nama daga baki, don haka kar ki kashe shi da kanwa, sukari ma kaɗan ya isa.

Ki wanke shi ya rabu da yashi, ki tafasa da citta da ɓawon abarba, kar ya daɗe a wuta. Kanumfari kuwa ki yi hattara da shi, ni dai na fi son a ji shi can daga baya. In ya yi yawa sai ya danne ƙamshin yajin naman.

Wajen ɗanɗanawa, ki bari ya huce tukuna, ki kurɓa ki riƙe a baki, sannan ki ci yankan nama ki sake kurɓa. In bakinki ya washe, haɗin ya yi. Ban da nono kusa da shi, tsinkewa yake.