Tambaya da Amsa: Gwamnati Na Biyan Mai Noma da Takin Gargajiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a ƙasar Gumel, ina noman riɗi da zoɓo da gero, kuma tsadar takin zamani ta mayar da ni ga kashin dabbobi da toka. Na ji a rediyo cewa a Turai gwamnati na biyan manomin da ya bar takin zamani da maganin feshi. Shin gaskiya ne, kuma mu ma muna da rabo?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai kuɗin na manoman can ne, daga baitulmalinsu yake fita. Tarayyar Turai tana biyan manomi gwargwadon hektocin da ya sauya zuwa noma marar sinadari, saboda amfanin gona yakan ragu a shekarun farko, alhali ba a yarda ya sayar da shi a farashin kaya marasa sinadari ba tukuna. A 2020 ta sa wa kanta burin mayar da kashi 25 cikin 100 na filayen nomanta kan wannan tsari kafin 2030. Amurka kuwa takan mayar wa manomi wani kaso na abin da ya kashe wajen neman takardar shaidar cewa kayansa marasa sinadari ne.

Wannan takarda ita ce ƙashin bayan maganar, kuma zuba takin gargajiya kaɗai ba ya samar da ita. Dole gona ta yi shekara biyu a Turai, uku a Amurka, ba ta ga haramtaccen sinadari ba, manomi yana rubuta duk abin da ya shiga cikinta, mai bincike kuma yana zuwa ya duba kowace shekara. Inda manomanmu suka fi faɗuwa shi ne maganin ciyawa, wanda ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa, da kuma maganin da ake barbaɗa wa hatsi a buhu don gudun ƙwari. Irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015.

A nan gida, tallafi ya fi karkata ga takin zamani. Shirin da aka fara a 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, ya riƙa ba manomi buhu biyu a rabin farashi ta hanyar saƙon waya, sannan yarjejeniyar da aka ƙulla da Maroko a 2016 ta kawo buhun NPK a kan naira 5,500. Ban ga laifin gwamnati gaba ɗaya ba, domin ƙasar arewacin Jigawa jigawa ce mai rairayi, takin dabbobin da ke akwai kuma ba zai wadaci kowace gona ba. Ƙasar Siri Lanka da ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya a 2021 ta janye dokar kafin shekarar ta ƙare, noman shinkafarta kuma ya sha kashi. Amma a ganina adalci ne a ce mai ɗaukar taki a amalanke shi ma an rage masa kuɗin dako, tunda aikinsa yana gyara ƙasa har ga 'ya'yansa.

Ribar da ta fi kusa da kai tana wurin mai saye. Riɗi da zoɓo kayan fitarwa waje ne, kuma masu takardar shaida sun fi tsada a can. Kuɗin binciken ya fi ƙarfin mai ƙaramar gona, shi ya sa ake yin sa a ƙungiyance, takarda ɗaya ta ɗauki manoma da yawa, sau da dama kamfanin da zai sayi kayan ne ke biya. Ka haɗa kai da maƙwabtan gonarka, domin feshinsu na iya ɓata naka, ku je wurin malamin gona na JARDA, hukumar raya aikin gona ta Jihar Jigawa, ku kuma nemi a rubuta muku ƙarin farashin kafin shuka. Wanda duk ya zo yana karɓar kuɗin fom da sunan tallafin Turai, kada ka ba shi ko sisi.