Layar tsari a ƙofar shago: sunanta zai halatta ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Wani ya kawo mini laya ɗinkakkiya da jar fata, ya ce tsarin gobara da ɓarayi ce, in rataye ta a saman ƙofar shago, kada in taɓa buɗewa. Da ya ga ina ɗari-ɗari sai ya ce ai kullum muna cewa "Allah ya tsare", wannan ma tsari ne. Mene ne hukuncinta? Daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mutumin nan da kalma ya so ya ɗaure ka, don haka bari mu fara kwance ta.

Tsari daga "tsare" ya fito, kamar yadda kariya ta fito daga "kare". Bahaushe kan ce mai gadi yana tsare gida, ya kuma ce an tsare wane a ofishin 'yan sanda, wanda aka tsaren kuwa ba murna yake ba. Garkuwa abin kare sara ce a fagen fama, yau kuma ana cewa an yi garkuwa da mutum. Kafi shingen itace ne da ake kewaye gari da shi, shi ne kuma sunan abin da boka ke binnewa a gida. Ka ga kalma ɗaya tana ɗaukar halal da haram.

A Larabci akwai wiƙaya, ma'ana kariya, tushenta ɗaya da taƙawa, wato mutum ya sa shamaki tsakaninsa da azabar Allah. Da ita aka ce "ku kare kawunanku da iyalanku daga wuta" a Tahrim, aya ta 6. Da ita kuma Suratun Nahli, aya ta 81, ta ambaci riguna masu kare zafi da sulke mai kare makami, ta lissafa su cikin ni'imomi. Mai tsarewa na haƙiƙa Allah ne, "Allah ne mafificin mai tsaro" inji Annabi Yaƙubu a Suratu Yusuf, aya ta 64, kuma Annabi Yaƙubun ne, aya uku gaba, ya hana 'ya'yansa shiga gari ta ƙofa ɗaya. Manzon Allah (SAW) sulke biyu ya sa ranar Uhudu.

Saboda haka kwaɗo mai kyau, da tukunyar kashe gobara, da kiran mai gyaran wuta ya duba wayoyin nan da suka sarƙe a bayan dilolin atamfa, duk sababi ne halattacce. In sakacinka zai iya ƙone shagon maƙwabci, gyaran ya zama wajibi. Zikirin safe da yamma, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, su ne tsarin da ya tabbata a sunna.

Laya kuwa, magana biyu ce. Wadda Alƙur'ani ne zalla a cikinta, malamai sun saɓa: Ibn Abi Zaid a Risala ya ce babu laifi a rataya ta, Abdullahi ɗan Mas'ud da almajiransa sun ƙi. Mu a nan mun san tsohuwar al'ada ce, ko babbar batakari, rigar yaƙin Asantehene sarkin Ashanti, cike take da layun da malaman Musulmi suka rubuta tun zamanin kakanni. Daɗewar abu dai ba hujja ba ce a shari'a. Waɗanda suka halatta ma sharaɗi suka sa: a san abin da ke ciki, kuma kada zuciya ta jingina gare ta. Wadda ke ɗauke da sunayen aljanu ko hatimin da ba a fahimta, babu mai halatta ta, kuma a kanta hadisin Uƙba ɗan Amir da Imam Ahmad ya ruwaito ya faɗa: wanda ya rataya laya ya yi shirka.

Taka an hana ka buɗewa. Na taɓa farke irinta da reza a gaban mai ita, muka tarar da gashi da ƙyalle mai jini da zane-zanen da babu harafin Alƙur'ani ko ɗaya. Ban ce taka haka take ba, amma abin da ba ka san cikinsa ba bai halatta ka rataya ba. Ka mayar masa, ko ka buɗe a gaban malamin da ka amince da shi. In ayoyi ne, ni na fi karkata ga barinta, ba na kuma kiran wanda ya bi Risala mushriki. In wani abu ne daban, a ƙone shi, kuɗin da ka biya kuma kana da haƙƙin ka nema.

Wallahu a'alam.