Filin Tambaya da Amsa: Me ya sa nikotin ke kama ƙwaƙwalwa ya ƙyale tsoka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin harhaɗa magunguna a Zariya. A aji an ce mana risefta da nikotin ɗin sigari ke kamawa a ƙwaƙwalwa danginsu ɗaya da wadda ke sa tsoka motsi. To in haka ne ya aka yi mai shan taba jikinsa ba ya sandarewa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗalibi, gaskiya tambayar nan ta min daɗi don ta daɗe tana cin ma masana tuwo a ƙwarya. Malaminku bai yi kuskure ba, dukansu biyun furotin ne masu karɓar saƙon asitilkolin, sinadarin da jijiya ke fesawa in za ta yi magana da wata jijiyar ko da tsoka. Bambancin a wajen riƙo yake.

Asitilkolin yana ɗauke da cajin fozitif a kan naitirojin ɗinsa, shi ya sa da can kowa ya ɗauka ai dole a cikin riseftar akwai wani wuri mai cajin negatif da ke jiransa. Da aka leƙa sai aka tarar da wani ɗan aljihu da aka kewaye da zobba irin na benzin, wato kabon 6 a jere sun yi da'ira a shimfiɗe, na tiriftofan da tairosin, biyu daga cikin tubalan da ake jerawa a gina furotin. Zoben nan in ka haɗa lissafi ba shi da caji ko kaɗan, amma ilektron sun taru a samansa da ƙasansa, sai fuskarsa ta ɗan yi negatif gefensa kuma fozitif, to wannan fuskar ita ke jan asitilkolin ya zo ya zauna a kanta. Kamar dai ka goga biro a gashin kanka ya ɗauki guntun takarda, ba gam ba komai amma ya riƙe, an jima kuma ya saki. Irin wannan riƙon shi ake kira katayon-fai. Tun 1981 Paul Kebarle a Kanada ya auna ya ga a yanayin gas potasiyam mai cajin fozitif ya ɗan fi riƙe benzin a kan yadda yake riƙe ƙwayar ruwa, abin da mutane da yawa ba su zata ba.

Wanda ya bi abin har cikin jijiya shi ne Dennis Dougherty na jami'ar Caltech a Amurka tare da Henry Lester, kuma wallahi dabararsu tana burge ni. Ƙwan wani kwaɗon Afirka suke samu su sa shi ya ƙera riseftar a jikinsa, amma sai su musanya tiriftofan guda ɗaya tak da wanda aka liƙa wa fulorin, shi kuwa fulorin zuƙe ilektron yake daga fuskar zoben. Aka sa ɗaya riƙo ya ragu, aka sa biyu ya ƙara raguwa, haka har huɗu, tiryan-tiryan. A 1998 suka nuna cewa tiriftofan na lamba 149 a jerin tubalan furotin ɗin shi ne mai riƙon asitilkolin a riseftar tsoka. Da aka kawo nikotin a wannan riseftar ta tsoka kuwa, sa fulorin ko kar ka sa duk ɗaya, ma'ana ba ya zama a kan zoben yadda ya kamata, riƙonsa sako-sako ne.

Sai a 2009 suka gwada ta ƙwaƙwalwa, wadda ake kira alfa4 bita2, nan kam nikotin ya zauna daram a kan wannan tiriftofan ɗin har da ƙarin riƙo na haidurojin. Kuma abin da ya jawo bambancin ba ma a cikin aljihun yake ba, ɗan nesa kaɗan ne a lamba 153, ta tsoka tana da tubalin gilaisin, ta ƙwaƙwalwa kuma tana da laisin, wannan ya isa ya sauya fasalin aljihun. Ka ga amsarka kenan. Ɗan nikotin da ke cikin karan sigari ya ishe shi ya kunna ta ƙwaƙwalwa a saki dofamin, sinadarin jin daɗi, mutum ya ji garau gobe ya sake nema, amma ya yi kaɗan ya taɓa tsoka. Kar dai wani ya karanta wannan ya ce ashe taba ba ta da illa, jarabar ma daga wannan riƙon take.

Tambaya: Malam ni manomi ne daga Gusau, wani ya ce min maganin ƙwari irin su ota-fiya-fiya ma jijiya yake kamawa, haka ne?

Amsa: Haka ne Alhaji, amma shi nasa ya fi muni. Akwai wani furotin mai share asitilkolin da zarar ya gama isar da saƙo, yana farfasa dubbai a daƙiƙa ɗaya. A 1991 Joel Sussman da abokan aikinsa suka fitar da fasalinsa, aka ga rami ne mai zurfi da zobba 14 suka jeru a bangonsa suna jan asitilkolin zuwa ƙasa. Shi wannan maganin in ya shiga ramin ɗaurewa yake da furotin ɗin ya ƙi saki, sai asitilkolin ya taru, mutum ya kama dalalar da miyau da gumi, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. In haka ta faru a cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, kar a ɗura masa manja ko madara, a garzaya asibiti da kwalbar maganin a hannu, akwai allurar atirofin da likita zai yi masa.