Ruwan aduwar da ya yi tsami

Ka ce, "Maigida, na jiƙa 'ya'yan aduwa don wanki, ranar farko sun yi kumfa, amma kwana uku sai tsami da wari." To yarona, zauna ka ji. Hannunka bai yi laifi ba, wurin zaɓen kaya ka kauce.

Naman aduwa da yara ke tsotsa cike yake da zaƙi. Duk abin da ke da zaƙi kuwa, in ya kwana cikin ruwa da zafin nan namu, tsami zai yi kamar kunun da aka manta. Abin da muke nema shi ne sinadarin da ke kawo kumfa, wanda masana ke kira safonin. Yana cikin naman, yana cikin sassaƙe da saiwa, yana kuma cikin ƙwayar. Ni ƙwayar na fi so. Sassaƙe na wanki sosai, amma ba na yarda yarona ya yi wa itace zobe da gatari. Bishiyar da aka kewaye da sara mutuwa take yi.

Ka fasa ƙwallon, ka daka ƙwayar, ka matse man kamar yadda mata ke yi wa gyaɗa. Nan ne mutane ke gaggawa su yi asara. Mai abokin gabar kumfa ne. Sabulun salo da mai da ruwan toka ake dafa shi, wannan kuwa sai an raba shi da mai. Ka murza tunkuzar a kan farar takarda. In ta bar tabo mai sheƙi, koma ka sake matsewa. In ta bushe ka niƙe ta, ka ɗaure hancinka da ƙyalle, domin ƙurarta na sa atishawa.

Mudu ɗaya na gari, mudu biyar na ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. Ka dama, ka bar shi wuni. Ka tace da rariya, ka sake tacewa da ƙyalle ninki biyu, sannan ka ajiye ya kwanta. Ruwan da ya taso sama kaɗai za ka tsiyaye a hankali. Kada ka damu da launinsa na shayi. Wasu na zuba garin gawayi don ya yi fari, ba su san gawayin na shanye wani kaso na abin wankin ba. Masana'antu da sifirit suke jiƙawa, mu rana ce jarinmu: zuba ruwan da ka tsiyaye siriri a faranti, ka rufe da ƙyalle mai shara-shara, ka kankare in ya bushe. Da hunturu ya fi sauri.

Gwaji kuwa, ɗan gari a kwalba da ruwa, ka girgiza. In kumfa ta tsaya kamar gaɓar yatsa har minti 15, kaya sun yi.

Sauran ruwan kada ka kuskura ka zuba a tafki, yana kashe kifi. A 1964 wani masanin Habasha, Aklilu Lemma, ya ga matattun dodon-koɗi a rafi, ƙasa da inda mata ke wanki da 'ya'yan wata shuka mai kumfa irin wannan. Daga nan aka shiga gwada ta a kan dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya. Namu sauran ruwan mu haƙa masa rami bayan rumfa. Gobe da sassafe ka zo da turmi.