Sienna Tana Jinkirin Shiga Giya, Tana Zamewa Idan Ta Yi Zafi: A Sauke Giyabos Ko A Dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Sienna ƙirar 2005, mai giyar otomatik, ina jigilar fasinja da ita tsakanin Daura da Katsina. Da safe idan na sa ta a D sai na jira kafin ta kama, wani lokacin ma da ɗan bugu. In ta yi zafi kuma, wajajen Mashi, sai in taka totur inji ya yi ta ihu amma motar ba ta ƙara gudu, sai daga baya ta fizga. Bakanike ya ce in sayi giyabos ɗan Kwatano kawai. Ina da jak da sifanoni a gida, kuma hannuna ya ɗan saba da ƙarfe. Akwai abin da zan iya yi da kaina kafin in kashe wannan kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, akwai, kuma da yawa. Mai yiwuwa bakanikenka ya yi gaskiya, amma bai isa ya sani ba tukuna, domin daga bayaninka bai auna man giya ba, bai sauke kwanon man da ke ƙasan giyabos ba, bai kuma sa na'urar karanta lambobin matsala ba. Waɗannan ukun su ne ke yanke hukunci, biyu daga ciki kuwa a tsakar gidanka za ka yi su.

Giyar da ke cikin Sienna ta 2005 mai jan gaba ita ce U151E, mai hawa biyar. Duk aikinta da matsin mai take yi. Famfo yana zuƙo mai daga kwanon ƙasa ta cikin filta, ya tura shi cikin balbodi, wato ƙarfen da ke da ƙananan hanyoyin mai da bawuloli, shi kuma ya rarraba shi zuwa tarin fayafayan kuloci da makanikai ke kira faiba. Matsin ne ke manne su wuri guda har mota ta ja. In matsi ya ragu sai su riƙa sulɓe wa juna, inji ya yi ihu mota tana tsaye. Abin da kake ji a Mashi ke nan. Yana fitowa da zafi ne saboda mai yana tsinkewa idan ya ɗumama, ya riƙa zurarewa ta inda da safe kaurinsa ke toshewa.

Fara da awon mai, kuma ka auna shi daidai, don mutane da yawa nan suke kuskure. Ba a auna man giyar wannan motar da inji a kashe kamar baƙin mai. Yi tafiyar minti 15 zuwa 20 har man ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 70 zuwa 80. Tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, ja birkin hannu, bar injin yana aiki. Ƙafarka a kan birki, bi da sandar giya daga P har L, kana ɗan tsayawa a kowane gurbi, ka dawo P. Zaro sandar awon, goge da farin ƙyalle marar zare-zare, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomin da aka rubuta HOT. In yana ƙasa, ƙara ta bakin bututun sandar awon da siririn mazurari, kwatan lita a lokaci guda, kana aunawa. Kada ka cika fiye da kima da sunan a bar shi da rara. Man da ya yi yawa kayan ciki suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi, sai ka samu zamewar da kake gudu.

Ƙyallen nan da ka goge da shi, kar ka yar. Kai shi rana ka duba. Lafiyayyen mai ja ne garau kamar zoɓo marar kauri. In ya koma ruwan ƙasa amma ana ganin zanen ƙyallen ta cikinsa, ya tsufa ne kawai. In ya yi baƙi yana ƙauri irin na ƙanzon tukunya, faiba ta ƙone. In kuwa ya fito fari-fari kamar an zuba madara a cikin zoɓo, ruwa ne ya shiga, kuma kusan kullum daga lagireto yake, domin a cikinsa akwai bututun da man giya ke bi yana hucewa. Wannan kashe motar za ka yi nan take, saboda ruwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta.

Sai ka ƙirga jinkirin da agogo maimakon zato. Mota da zafinta, birki a take, matsa daga N zuwa D ka ga daƙiƙa nawa kafin ka ji ta kama. Ƙa'idar Toyota ita ce ƙasa da daƙiƙa 1.2 zuwa D, ƙasa da 1.5 zuwa R. Yi sau uku, kana barin minti ɗaya tsakani. Idan D da ribas duka suna jinkiri, matsalar ta gama-gari ce: ƙarancin mai, toshewar filta ko famfo mai rauni, biyun farko kuwa araha ne. Idan D kaɗai ke jinkiri ribas tana kamawa caraf, zargi ya fi karkata ga kulocin gaba, wanda yake can ciki.

Na'urar karanta lambobi ba ta da tsada yanzu, har akwai ƙaramar da ake haɗawa da wayar hannu. Bakinta mai ƙafa 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Ko fitilar inji ba ta kama ba, a sa na'urar, bare ma wasu motocin an cire ƙwan fitilar tun kafin su ƙetaro iyaka. P0717 na nufin sansar gudu ta shigar giya ba ta aika saƙo, P0793 kuma 'yar'uwarta ce. Dukkansu a jikin giyabos suke daga waje, kowace da noti ɗaya, kuma in ka auna da mitar lantarki, lafiyayyar sansa tana ba da om 560 zuwa 680 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki). P0705 na makunnin da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota gurbin da sandar giya take. P0746, P0776 da P0796 na solanoyid ne, wato bawulolin lantarki da ke buɗe wa mai hanya a balbodi, masu suna SL1, SL2 da SL3. A kula, waɗannan ukun cewa suke giyar da aka umarta ba ita ta shiga ba. Yana iya zama solanoyid ɗin, yana iya zama datti a balbodi, yana iya zama faibar da ta cinye. Mutane da dama sun sayi solanoyid sau biyu a kan wannan. Lambar da ta fara da P030 kuwa ta inji ce, fulogi ko kwayil, kuma tangaɗin inji yakan yi kama da na giya ƙwarai. Haka ma sansar iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe, tana sa canjin giya ya rikice ba tare da giyar ta yi laifin komai ba.

Yanzu kwano, wanda shi ne babban mai ba da shaida. Tanadi lita 4 zuwa 5 na Toyota ATF T-IV, wanda shi motar wannan shekarar ke sha, sai sabon filta da zobensa na roba, da gaskit ɗin kwano. Duba jikin sandar awon, yawanci an buga sunan man a kai. Guji man da ake aunawa a gorar ruwa a bakin titi, komai jansa. Man giya mai kauri na 90 ko 140 kuwa na motar hannu ne, bai da hurumi a nan. Ɗaga motar ka ɗora ta a kan tsayayyun ƙarafa, ka sa dutse a bayan tayoyin baya. Bulon siminti yana rugujewa ba sallama, kada ka shiga ƙarƙashin motar da ke kansa ko kan jak kaɗai.

Bari man ya huce ya zama ɗumi. Kwance notin tsiyaya da makulli mai kusurwa shida na milimita 10, ka tara a roba mai awo. Kimanin lita 3.5 zai fito, ka rubuta adadin. Kwance notocin kwano 18, ka bar biyu a gefe ɗaya a sassauce don kwanon ya karkata ya zubar da ragowar a hankali, in ba haka ba a hannun rigarka zai ƙare.

A gindin kwanon akwai maganaɗisu. Shafa yatsa a kai. Laushin toka-toka kamar kwalli, wanda ba ka jin tsakuwa a cikinsa, cin yau da kullum ne, kowace tsohuwar giya tana da shi. Baƙin gari mai yawa da ya kwanta a kwano kamar dusar gawayi, wanda maganaɗisu bai ja ba, faiba ce ta zube. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da ke sukar yatsa, haƙoran giya ne ko boris. Mai ruwan tagulla kuma bushi ne ko washa. In na farkon ka gani, ci gaba da aikinka da kyakkyawan fata. In sauran ne, bakanikenka ya yi gaskiya, sabon mai ba zai mayar da abin da ya riga ya zube ba.

Filta noti uku ne ke riƙe da shi. Tabbatar tsohon zoben roba ya fito tare da shi, ka shafa wa sabon mai kafin ka tura. Zoben da ya tsuke ko aka manta yana sa famfo ya zuƙi iska, mota ta ƙi motsi gaba ɗaya. Tun da kwano na ƙasa, solanoyid suna gabanka. Cire soket ɗin kowanne ka auna: SL1, SL2, SL3 da SLT om 5.0 zuwa 5.6, su S4, SR da DSL om 11 zuwa 15, idan sun huce. Wanke kwano da maganaɗisu da fetur, bari su bushe sarai, mayar da maganaɗisun inda ka same su. Kada ka lafta gam a kan gaskit, guntunsa yana ɓallewa ciki ya toshe ƙananan hanyoyin balbodi. Notocin kwano ƙarfin 8 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) kawai suke so, wato ɗaurin yatsu uku a kan ƙaramar sifana, a bi su a gicciye. Jikin giyabos alminiyom ne, zarensa ba ya jure hannun mai ɗaure taya. Notin tsiyaya shi ne mai 49 Nm, da sabon washa.

Zuba daidai abin da ya fito, tayar, bi gurabe, yi tafiya, auna da zafi. Giyar tana ɗaukar kusan lita 9 gaba ɗaya, mafi yawansa yana maƙale a kwanbata, wato tulun man da ke haɗa inji da giya, da bututai, don haka tsiyaya ɗaya ba ta canza ko rabi ba. Maimaita ta noti kawai bayan kilomita 300 zuwa 500, sannan ka sake. A karo na uku kusan kashi huɗu cikin biyar na man sabo ne. Na fi son wannan a kan wankin na'ura mai matsi a tsohuwar giya. Masu cewa canjin mai ke kashe giya, galibi motar da ta riga ta ƙone suka canza wa, inda garin faibar da ke yawo a tsohon man shi ne ke ɗan riƙe ta. Dabarar zuba man birki don robobi su kumbura kuwa, kwana kaɗan take yi, daga nan robobin su narke.

Kar ka manta da zafi, shi ne ke cin giya a ƙasarmu. Mutum takwas da buhuna a but, a watan Afrilu, aiki ne babba. Wanke fuskar lagireto daga ƙura da ciyawa, tabbatar fankoki biyun suna tashi, duba bututan mai biyu da ke zuwa lagireto ko suna tsattsafo ko sun lanƙwashe. Ƙarin ƙaramin lagireton man giya a gaba yana da amfani ga motar haya.

In zamewar ta ci gaba bayan duk wannan, aikin ya fi ƙarfin tsakar gida, ka daina ɗaukar fasinja da ita. In ta tsaya a hanya kada a ja ta da igiya tafiya mai nisa tayoyin gaba a ƙasa, domin famfon mai ba ya juyawa sai inji na aiki. Idan kuma ta kai ga sayen ɗan Kwatano, a nan Katsina ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, tabbatar U151E ce mai soket iri ɗaya da taka, ba U151F ta mai jan ƙafa huɗu ba. Sa a sauke kwanonta a gabanka kafin ka biya, ka karanta shi kamar yadda ka karanta naka, ka kuma nemi kwanakin gwaji a rubuce. Kafin a ɗaura, a wanke bututai da ma'ajiyar man da ke cikin lagireto har sai mai tsabta ya fito, ko a canza lagireton in tsohuwar giyar ta zubar da ƙarfe. Bayan ɗauri a sa na'ura a goge abin da ƙwaƙwalwar motar ta haddace na tsohuwar giyar, sannan a yi tafiyar gwaji a hankali tana hawa daga ɗaya har biyar.