Amsa kan tambayar dokar shiga Amurka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Alhaji, na ji tambayarka, wai shin da can ƙofar Amurka a buɗe take ga kowa, sai yanzu ne aka zo ana tsanantawa? To, gaskiya ba haka abin yake ba. Ƙofa a buɗe take, amma ga wasu mutane ne kawai.

Ka ga tun 1790, dokarsu ta farko kan zama ɗan ƙasa cewa ta yi sai farar fata mai 'yanci. Wato baƙar fata ma ba a sa shi cikin lissafi ba. A 1882 kuma suka yi doka ta musamman suka hana leburori 'yan Sin shiga, bayan su ne suka sha wahalar shimfiɗa musu layin dogo a yammacin ƙasar. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta ke nan. Sai 1943 aka soke wannan doka. Waɗanda ake gani a hotuna suna sauka daga jirgin ruwa a tsibirin Ellis da ke mashigar ruwan New York, kusan mutum miliyan 12 daga 1892 zuwa 1954, galibinsu Turawa ne.

Su ma Turawan sai da aka tace su. A 1924 aka ce kowace ƙasa za a ba ta guraben shiga a shekara daidai da kashi 2 cikin 100 na yawan mutanenta da ke Amurka, amma da ƙidayar 1890 za a yi lissafin. Ka ga wayon? A 1890 'yan Italiya da Yahudawan gabashin Turai ba su fara kwarara sosai ba. Sai ga Italiya, wadda a wasu shekaru take tura sama da mutum 200,000, an mayar da rabonta ƙasa da 4,000. Ingila da Jamus kuwa suka kwashe kaso mai tsoka.

To, inda nake so ku tsaya ku ji shi ne 1965, don nan ne komai ya juya. Lokacin fafutukar 'yancin baƙar fata ne, kuma abin ya zama abin kunya a ce ana raba biza da asali. Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a sabuwar doka a gindin gunkin 'yanci na New York, aka soke wancan rabo. Amma masu tsoron canji a majalisa suka dage sai an fifita dangi, wato mai ɗan'uwa a ciki shi ne a gaba. Lissafinsu shi ne, tunda mafi yawan 'yan ƙasar asalin Turai ne, danginsu Turawa ne za su ci gaba da zuwa. Shi kansa Johnson a ranar cewa ya yi dokar ba za ta kawo wani gagarumin sauyi ba. Ashe reshe zai juye da mujiya. Turai ta farfaɗo, mutanenta suka daina ɗokin tafiya. Likita ɗaya daga Indiya ko ɗalibi ɗaya daga Afirka ya samu takarda, ya ɗauko mata, ya ɗauko iyaye, ya ɗauko ƙanne. Ni a ganina duk rigimar da ake yi yau, tushenta wannan dokar ce.

Sauran bari in bi da sauri. A 1986 Shugaba Reagan ya halatta zaman kusan mutum miliyan 2.7 marasa takarda. A 1990 aka ƙirƙiro cacar biza, guraben 55,000 a shekara, don ƙasashen da mutanensu ba su da yawa a can. Najeriya ta daina shiga tun cacar 2015, saboda 'yan ƙasar da suka samu izinin zama cikin shekara biyar sun haura 50,000. Don haka duk wanda ya ce zai cike wa haifaffen Najeriya fom ɗin caca, a yi hattara da shi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka rushe tsohuwar hukumar shige da fice, aka mayar da aikin ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida a 2003. Daga nan aka koma kallon baƙo da idon tsaro. Trump ya sa takunkumin shiga Amurka kan 'yan wasu ƙasashen Musulmi a 2017, ya ƙara da Najeriya a 2020, Biden ya soke ranar da ya hau mulki a 2021. Irin wannan umarnin shugaba ne, shi ya sa wani ya ɗaura wani ya kwance.

Af, na manta dokar 1996, kuma ita ce ta fi cizon mutane. Wanda ya wuce wa'adin zamansa da kwana sama da 180 sannan ya fita, shekara 3 ba zai koma ba. In ya kai shekara guda, shekara 10 ne. Alhaji, ka gaya wa yaron nan da ka ce ya je ziyara, ya duba ranar da aka ba shi a wurin shiga, ba ranar ƙarewar bizar ba. Sai an jima.