Tambaya da Amsa: Sasanta rikicin haraji ba tare da zuwa kotu ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfani. Bayan jami'an haraji sun binciki littattafanmu, sai suka aiko takardar ƙarin haraji da tara, domin sun ɗauki duk kuɗin da ya shiga asusun kamfani a matsayin ciniki, alhali akwai bashin da muka karɓa da jarin da na zuba. Lauya ya ce mu tafi kotu, akanta ya ce a nemi sulhu. Wanne ya fi? Daga Alhaji M. S.

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, a wannan karon akantanka ya fi gaskiya. Saɓaninku da hukumar bai shafi ma'anar doka ba. Ku duka kun yarda bashi ba riba ba ne, gardamar kawai ita ce ko kuɗin nan bashi ne. Irin wannan rikici na lissafi da hujja shi sulhu ya fi warwarewa. Da a ce fassarar wani sashe na doka kuke jayayya a kai, to da sai kotu, domin jami'in haraji ba shi da ikon sassauta doka don a zauna lafiya. Ba a kuma karɓar batun da ake zargin zamba a cikinsa a zaman sulhu.

Amma kafin komai, duba kwanan watan da ke kan takardar. Akwai wa'adin shigar da ƙorafi a rubuce, wanda a ƙasashe irin su Birtaniya da Najeriya kwana 30 ne. Neman sulhu ba ya tsayar da wannan wa'adi. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami: suna ta kai-komo da jami'i cikin fara'a, wa'adi ya wuce, harajin ya tabbata a kansu. Shigar da ƙorafinka tukuna, ka karɓi shaidar an karɓa, sannan ka nemi zaman sulhu. Ka biya ɓangaren da ba ka musu a kai, tun da kuɗin ruwa yakan ci gaba da hawa yayin da ake tattaunawa.

Mai shiga tsakani, wato wanda ke jagorantar zaman sulhun, ba alƙali ba ne, ba ya yanke hukunci. A wurare da dama ma ma'aikacin hukumar ne da aka horar, wanda bai taɓa fayil ɗinka ba. Haka tsarin yake a hukumar haraji ta Birtaniya, wato HMRC. A Amurka kuwa hukumar harajin ƙasar, wato IRS, tana ɗauko shi daga ofishinta na ɗaukaka ƙara, da burin kammala batun ƙananan kamfanoni cikin kwana 60. Mai shiga tsakanin yakan fara da zama tare, sannan ya raba ku ɗaki biyu yana jin kowane ɓangare a keɓe.

Abin da za ka je da shi shi ne ƙashin bayan lamarin. Ka sa akanta ya jera kowane kuɗin da ake gardama a kai layi-layi: rana, adadi, wanda ya turo, da takardar da ke bayansa. A gefen bashi a haɗa yarjejeniyar rancen da shaidar biyan da aka fara yi. A gefen jari a haɗa bayanin asusunka na kanka da ke nuna fitar adadin a ranar da ya shiga na kamfani. Buhun rasidai a hargitse ba hujja ba ne. Inda babu takarda, gara ka amince tun farko, hakan zai sa a fi yarda da sauran.

Kada ka je da tunanin ciniki, wai a raba biyu kowa ya ɗauki rabi. Sai jami'i ya iya kare kowane ragi da doka a gaban manyansa. Sassauci ya fi samuwa a tara da kuma biya kashi-kashi. Ka tambaya tun farko ko jami'in da ya zo yana da ikon amincewa, ka kuma nemi a rubuta cewa tayin da aka yi a zaman ba zai zama hujja a kotu ba. Idan an daidaita, yarjejeniyar ta fayyace shekarun da ta shafa, adadi da ranakun biya. Bayan sa hannu da wuya a koma baya, don haka lauyan nan naka ya karanta tukuna. Idan ba a daidaita ba, haƙƙinka na ɗaukaka ƙara yana nan.

TAMBAYA: Ƙasashe biyu sun ɗora wa kamfaninmu haraji a kan riba guda. Akwai sulhu a nan? Daga Hajiya R. A.

AMSA: Akwai, Hajiya, muddin ƙasashen na da yarjejeniyar hana haraji sau biyu. Sashe na 25 na samfurin irin wannan yarjejeniya da ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta tsara ya tanadi hukumomin harajin ƙasashen biyu su tattauna a tsakaninsu, ke naki gabatar da buƙata ne da takardu. Samfurin ya ba da shekara 3 na gabatar da buƙatar daga sanarwar harajin ta farko, amma ki duba ainihin yarjejeniyar, wasu wa'adinsu ya fi gajarta. Ki shigar da ƙorafinki na cikin gida a lokaci guda, domin irin wannan tattaunawa takan ci shekara 2 ko fiye.